Mutum Biyu a Kujerar Direba

Yau ina gyara akwati na ci karo da fayil ɗin ƙarar da ban taɓa shigarwa ba.

A shekarun casa'in ne, ban daɗe da gama jami'a ba, motar haya ta kife da 'yan gidanmu a hanyar kasuwar Maigatari. Kawu Sale ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Na ce sai na kai direban, Ado, kotu. Har sawun taya na auna da igiya, sau biyu. Saura shaida, sai na durƙusa gaban Baba da biro, don shi ma yana motar.

"Baba, wa ke kujerar direba?"

"Ni da Ado."

"Ku biyu?"

"Ranar kasuwa ce fa, ɗan nan. Kowa a matse yake."

"To, wa ke tuƙi?"

"Ado mana. Amma da jaki ya gifta, na riga shi taka birki." Ya sunkuyar da kai. "Ashe totur ne."

Na rufe fayil. Ranar addu'ar bakwai, tabarma ɗaya Baba da Ado suka zauna, a matse, ana yi musu gaisuwa.

Da ku ne, sunan wa za ku rubuta?