Buhun Abincin Mage da Na Kai wa Inna Roni

Inna ba ta taɓa yarda a ce magen gidanmu na Roni tata ce ba. In ka ce mata, "Inna, magenki ta hau katanga," sai ta harare ka ta ce, "Ta rumbu ce. Ni me zan yi da mage?" Amma duk safiya ita ce mai jiƙa ƙanzo da ɗan nono a wani tsohon kasko, ta murmushe kan kifi a kai in an samu, ta zauna a bakin ɗakinta tana kiran "mus, mus" har sai abar ta sauko. Baƙa ce mai farin wuya, kunnenta ɗaya a yage, ga tsufa ga miskilanci. In wani ne ya zuba mata, sai ta sansana ta juya ta yi tafiyarta kamar an zage ta.

Bayan rasuwar mahaifinmu gidan ya rage daga Inna sai ita. Yayana yana aikin gwamnati a Kazaure da iyalinsa, ni kuma ina Kano. Ciwon suga ya kama Inna, ƙafarta ta dama ta yi gyambon da ya ƙi warkewa, likita ya ce dole a riƙa wanke shi a kai a kai, in ba haka ba ƙafar za a rasa. Yaya ya gyara mata ɗaki a gidansa kusa da asibiti, har da fanka da sabon labule. Muka yi lallashi, muka turo dattawa, ni har na yi fushi na daina kira na ɗan lokaci, don ni dama zuciya ce da ni a kusa. Amsarta ɗaya ce kullum: "In na tafi, wa zai ba wa waccan abinci?"

Muka ce a tafi da magen. Ta yi dariya ta ce mage gida take bi, ko a buhu ka kai ta Kazaure sai ta kamo hanya ta dawo, ko mota ta take ta a titi. Muka ce ga maƙwabciyarmu, matar kirki wadda suka tsufa tare. Aka gwada. Matar ta jiƙa ƙanzon, ta zuba nonon, ta yi kiran, magen ta dube ta daga kan rumbu ta lumshe ido. Inna ta ce, "To kun gani," kuma wallahi na ga daɗi a fuskarta.

Abin dariyar shi ne, ni aikina ke nan. A wata masana'anta nake a Kano inda muke yin abincin maguna da karnuka na masu hali. Na daɗe ina ɓoye wa mutanen garinmu, ina cewa abincin dabbobi muke yi, su ɗauka na kaji ne ko na tumaki. Ranar da wani abokina ya gano, sai da ya riƙe ciki don dariya, ya ce, "Yanzu duk karatun nan naka, kukun mage ka zama?" Na kusa kai masa hannu.

Amma ina son aikin, gaskiya. Abin da mutane ke zubarwa shi muke tattarowa: kawunan kifi da ƙayarsa, kayan cikin kaji daga mayanka, dusar shinkafa, tunkuzar gyaɗa da ta rage bayan an matse mai. A dafa, a niƙa, a kwaɓa, sai wani inji ya matso kwaɓin ta 'yan ramuka kamar injin taliya, wuƙa tana yanka shi ƙanana ƙanana. Ni ke kula da wurin busarwa. Da can gas muke ƙonawa, daga baya aka koma hura wutar da ɓuntun shinkafar da masu casa ke rasa inda za su kai, aka shimfiɗa farantan sola a kan rufi don fankoki. Ruwan da muka wanke kaya da shi ma ana tace shi a ba wa shukokin bayan gini. In ƙwayoyin sun bushe yadda ya kamata, sai su yi watanni a buhu ba su lalace ba.

Na taɓa yi wa Inna wannan bayanin ina ta zuba, ina jin kaina. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Allah sarki. Sai da aka sayo muku inji kuka san ba a zubar da kan kifi?" Daga nan ban ƙara ba.

Yaya ne ya kawo shawarar a waya. Ya ce, "Kai da kake ciyar da magunan Kano, ka kasa ciyar da guda ɗaya a gidanku?" Na ji haushin maganar, amma gaskiya ya faɗa. Na ɗauki ƙaramin buhu na wanda aka fi sa wa kifi, na hau mota zuwa Kazaure, daga nan na bi ta Roni. Damina ce, duwatsu sun yi shar, gero ya kai ƙugu, ina tafe ina tsara yadda komai zai warware: maƙwabciya ta riƙa zuba hannu ɗaya safe da yamma, ba jiƙo, ba neman nono, Inna kuma ta samu ƙafarta.

Na iske ta a tabarma ƙarƙashin bishiyar darbejiya, ƙafar a naɗe da tsumma, ƙudaje na bi. Na durƙusa na gaishe ta. Warin ciwon ya bugo ni, zuciyata ta karye, na kau da kai kamar ina duba rumbu. Ta tambayi matata da yara, sannan ta nuna buhun da haɓa.

"Wannan fa, Auta?"

"Abincin magen ne, Inna. Irin wanda muke yi."

Ta sa hannu ta ɗebo, ta murza, ta kai hanci. "Kamar kashin akuya," in ji ta. "Ba za ta ci ba. Ka yi wahalar banza, ɗan nan."

"A dai gwada, Inna."

"Gwada mana. Ni na hana ka?"

Na leƙa na kira maƙwabciyar, don so nake a ga ko daga hannunta magen za ta karɓa. Ta shigo tana gyara mayafi, ta ce wa Inna, "Yaya, yau kuma abin da Kano ta aiko mana ke nan?" Suka yi dariya tare. Maƙwabciyar ta zuba a kaskon nan, ƙwayoyin suka yi ƙara kamar an zuba wake, ta koma gefe. Ba wanda ya ma yi kira. Magen ta ɗago kai daga kan rumbu, ta shaƙi iska, ta diro. Ta zagaya kaskon sau ɗaya. Inna tana murmushi, irin murmushin mai jiran a sha kunya.

Sai muka ji ƙurus, ƙurus. Magen ta sa kai tana ci, ba ta ko ɗago ba. Ta cinye tas, ta lashe kaskon, ta je wajen maƙwabciyar tana goga jiki a zaninta tana neman ƙari.

Na buɗe baki zan ce alhamdu lillahi, sai idona ya faɗa kan Inna. Murmushin yana nan bai gama sauka ba, amma idonta ya sauya. Ta miƙa hannu ƙasa-ƙasa, ta ce "mus, mus" a hankali, yadda ta saba. Magen ta waiwayo ta dube ta, ta mayar da kai wajen buhun. Inna ta janye hannun ta ɗora a cinya. Maƙwabciyar ta ce bari ta je ta duba tukunya, ta fita da sauri, ni ma da ina da tukunyar da zan duba da na bi ta.

Na zauna a gefen tabarmar. A lokacin ne na fahimci abin da ni da yaya, da duk wayonmu, muka kasa gani. Inna ta san ciwonta sarai, ta fi mu sanin inda zai kai ta. Gidan da aka kawo ta tana amarya ne, inda ta haife mu, inda aka fitar da gawar mijinta, kuma ba ta da bakin da za ta ce wa 'ya'yanta ba na son barinsa. Magen ce kaɗai hujjar da ta rage mata, ni kuma na zo da buhu na ɗauke.

Ƙafar ta warke a Kazaure, Allah ya sa, kuma da ita ta taka har ƙarshen rayuwarta. Ban taɓa cewa da mun bar ta a Roni ba. Amma har yau in na tsaya a gaban injin busarwa, ƙamshin kifin nan ya taso, sai kewar tsakar gidan nan ta kama ni. Ina kewar inuwar darbejiyar, da muryarta da safe, da lokacin da akwai wata halitta a duniya da ba ta cin abinci sai daga hannun uwata.

A ranar dai, Inna ce ta fara magana. Ta dubi ɗakinta, ta dubi rumbun, ta gyara tsumman ƙafarta, sannan ta ce, ba tare da ta kalle ni ba:

"Abincin naku yana da kyau, Auta. Allah ya yi albarka. Ka ce wa yayanka ya turo motar."