Shekarar da Na Sa Mutane Suka Bizne Irinsu

Ni ba fasto ba ne, ban kuma taɓa cewa ni fasto ne ba. Aji huɗu na yi a lakol, makarantar boko, tsohona ya fidda ni don babu mai bin shanun noma. Karatun Hausa a majami'a na ƙarasa koyonsa, da yatsa bisa layi. Amma a ƙauyenmu, tsakanin Gidan Sori da Gidan Rumji, gida tara ne kawai na masu bi. Sauran duk Musulmi ne, 'yan'uwanmu, da yawa kakanmu ɗaya. Fasto daga Gidan Rumji yake zuwa bisa moto, wato babur, ran da hanya ta yi daɗi. Ran da bai zo ba dole wani ya tsaya gaba. Aka duba aka ga ni ke da babbar murya, ba na kuma jin nauyin ido, sai aka ce ni ne dattijon ikilisiya. Haka na zama mai buɗe Littafi da bi da addu'a. Ba wanda ya koya mini, ba kuma wanda ya taɓa cewa in rage murya.

Shekarar da nake magana, 'yan bindiga sun hana mu gonakin daji na wajen iyaka. Can suka kwashi mutum biyu suna sharar gona. Guda ya dawo bayan wata biyu, ba ka gane shi. Gudan har yau shiru. Shanuna biyu ma da su aka tafi. Fasto ya rage zuwa, ban ga laifinsa ba, shi ma yana da 'ya'ya. Abin da ya rage mana gonakin bakin gari ne, jigawa wadda ta gaji da mu. Hatsin ci ya ƙare tun tsakiyar bazara. A rumbuna babu komai sai iri, zangarniyar da aka zaɓa tun kaka aka ɗaure aka rataye, wadda ba a taɓawa ko da gida zai kwana da kunun tsamiya. Nawa irin tsohona ne, shi ma na tsohonsa.

Ruwa ya ƙi zuwa. Iska ta juyo, ta sake komawa. Musulmi suka fita roƙon ruwa sau biyu bayan gari, har da mata da dabbobi, suka dawo da rana a ka. Mu kuma muka ɗauki azumin kwana uku. A rana ta uku bayan azahar muna cikin majami'a, kwanon rufin yana gasa mu, na karanta musu labarin annabin nan da ya roƙi ruwa bayan dogon fari, har ɗan gajimare ya taso. Na yi addu'a sai da muryata ta dushe. Muka fito, sai ga gabas ta yi baƙi ƙirin. Mata suka sa guɗa.

Nan na yi abin da na yi. Na ce kowa ya koma ciki. Na ce Ubangiji ya amsa, gobe da safe kowa ya sauko da irinsa ya bizne.

Bizne ba baƙon abu ba ne wurinmu. Shuka ce cikin busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, iri ya kwanta yana jira. In ruwa mai ƙarfi ya zo, ka riga kowa, naka ya tsira kafin su ɗauki sungumi. In kuwa yayyafi ne, iri ya ji sanyi ya fito, ƙasa ba ta da danshin riƙe shi, ya ƙone. Shi ya sa ba a bizne iri duka. Ana zuba kaɗan, a ajiye mai yawa. Duk wanda ya taɓa riƙe hauya ya san wannan. Ni ma na sani. Amma na tsaya gabansu na ce wanda ya rage iri a rumbu, bangaskiyarsa ya rage. Na ce ba a roƙon Allah da hannu guda, ɗayan a ɓoye bayan baya.

In faɗi gaskiya, tunda na ɗauki biro don gaskiya, ba bangaskiya ce kaɗai ba. Musulmi sun fita sau biyu ba su samu ba. Ina so a ce a garin nan addu'ar gida tara ce ta sauko da ruwa. Shekara da shekaru ana ce mana masu bin addinin Nasara, ana ƙin cin yankanmu. Ina so rana ɗaya gonakinmu su yi kore nasu na fari fat, in bi ta bakin masallaci ban ce komai ba.

Gida shida suka bi maganata. Cikinsu har da wata tsohuwa da muke kira Inna, uwar wancan da aka ɗauke bai dawo ba. Jikoki huɗu ya bar mata, da uwarsu mai ciwon ƙirji.

Washegari ina saran ramuka, matata na biye da ni tana jefa iri tana rufewa da ƙafa, sai ga ɗan kawuna bisa jaki. Taubashina ne, Musulmi, ya girme ni da shekara biyar, tun muna yara ba ya ganina bai tsokane ni ba.

"Limamin kwano, sannu da aiki. Mi kake binnewa, gawa?"

"Wuce ka ba mu wuri."

Ya sauko, ya tura hannu cikin ƙasa har wuyan hannu, ya ɗebo ya busa mini. "Toka ce wagga. Hadarin jiya na iska ne, ko shamuwa ba ta gama gyara sheƙa ba. Nawa ka zuba?"

"Duka."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya dubi matata. "Ke ma kina tsaye? Ƙanena, don Allah rage ko tiya biyu. Ba wasa nake ba yanzu."

Na ce masa mu Allahnmu ba ya jiran shamuwa. Ya hau jakinsa ya wuce. Matata ta ce a hankali, "Maigida, da mun rage kaɗan." Na ce ta jefa iri ta rufe bakinta. Ta jefa.

Kwana biyu bayan nan aka yi ruwa. Ba ruwa ba ne, yayyafi ne mai ƙamshi, ya kwantar da ƙura, ya jiƙa saman ƙasa kamar faɗin yatsa uku. Muka taru muka yi waƙar godiya, ni ne ma na tada ta. Kwana huɗu, tsiro ya fito layi-layi. Na bi ta bakin masallaci kamar yadda na ƙudura. Har hula na sake.

Sai sama ta washe tas.

Ban san yadda zan kwatanta kwanakin nan ba. Ba na iya zama. Da safe in tafi gona, in tona gindin tsiro da yatsa, in dawo. Kafin hantsi in sake komawa, kamar wani abu zai canza. Ganyen ya nannaɗe kamar allura, ya yi rawaya, sannan iska ta fara ɗaukarsa. Na bar zuwa tawa gonar na koma zagayen na mutane, ta bayan gari don kada a gan ni. Ta Inna ce ta fara mutuwa, don tata tudu ce. In na shiga majami'a ni kaɗai in durƙusa, sai in ji bakina ya cika da ƙasa. In ce "Ya Uba," sai maganar ta tsaya nan. Me zan ce? Wanda ya kunyata ni zan roƙa, ko wanda na yi wa ƙarya? Na kasa raba su. Wata rana in ji haushin Ubangiji. Wata rana in tuna bai taɓa ce mini a bizne ba, ni na ce ya ce.

Lahadi ta zo na ce maƙogwarona ke ciwo. Lahadi ta biyu na kama hanyar Cadakori da ƙafa wai neman iri, alhali na san ba ran kasuwa ba ce. Na yi rabin hanya na zauna ƙarƙashin gawo har rana ta karkata. Mutane suka zauna cikin majami'a suna jiran mai buɗe Littafi, daga baya mata suka yi waƙa biyu aka watse. Wasu mazan suka daina gaishe ni, wannan bai dame ni ba, na ci a yi mini haka. Inna ce ta hana ni sakat. Kullum safe in ta fito da tulu sai ta tsaya ƙofar gidana.

"Dattijo, an tashi lafiya? Ya maƙogwaron?"

Da zagina ta yi da na samu sauƙi.

A gida matata ba ta fasa addu'arta ba. Kafin ta hura wuta sai ta zauna bisa turmi ta rufe ido, bakinta na motsi. Wata safiya na ce mata, "Wai mi kike gaya mishi kullum? Bai ji na farko ba?" Ta ce, "Kai nake kai ƙara." Na fita ban karya ba, dama babu abin karyawar kirki.

Kwana goma sha tara bayan yayyafin, ruwan shuka na gaske ya sauka tun hantsi har la'asar. Kwari ya cika. Washegari garin duka ya fashe zuwa gona, kowa da sungumi a kafaɗa, mata da ƙorai a ka. Danshin shuka kwana biyu ne, in ya yi yawa uku, wanda ya rasa shi ya rasa shekara. Gidajen da suka bi ni kowa ya ruga wurin dangi, wani ya samo tiya guda, wani biyu. Inna ba ta da wurin zuwa, danginta suna can ƙauyukan da aka watse. Na wuce na gan ta zaune bakin ƙofa da ƙwaryar shuka a cinya, babu komai ciki. Ta wanke ta ma.

Sau uku na nufi gonar taubashina ina juyowa. Na huɗu na isa. Yana sara, matansa da 'ya'yansa na biye.

"A'a, limamin kwano! An zo ganin yadda arna ke shuka?"

"Yaya, iri nake so."

"Wa kake ce ma Yaya? Yau kuma? Ina wanda ba ya jiran shamuwa, bai aiko maka ba?"

Na ce, "Faɗi duk abin da ke bakinka, na ci shi. In ka gama ka ba ni iri. Ba don ni ba, tsohuwar can ce da marayu."

Ya jingina da sungumi yana kallona. Sannan ya ce da uwargidansa ta auno tiya uku cikin buhun da ke gindin kalgo. Ta yi jim, don su ma ba yawa gare su ba. Ya ce, "Auno mana." Aka juye cikin wani ɗan buhu, da ya miƙo mini sai ya riƙe bakinsa.

"An yi mishi bisimilla hwa. Ka tabbata zai tsira a gonar Kirista?"

"Sakar mini."

"Biyu na tsohuwa, guda naka. Kada ka je ka yi mini wa'azi da shi."

A hanya na yi tunanin juya rabon, biyu nawa guda nata, wa zai sani. Gonata ta fi tata girma, bakunan gidana sun fi yawa. Har na tsaya na kwance bakin buhun. Ban san abin da ya hana ni ba, ba zan ce tsoron Allah ba ne, don a lokacin ba ma shiri. Na ɗaure na wuce.

Na zuba mata cikin ƙwaryar. Ta sa hannu ta juya shi, ta ɗauki ƙwaya ta ciza. Ba ta tambayi inda na samo ba. Muka tafi gonarta, ni da sungumi, ita da sandarta. Da muka isa bakin gona na ɗaga sungumi zan sara, sai ta ajiye ƙwaryar a ƙasa tsakaninmu.

"Ba a yi addu'a ba."

"Inna, ki yi da kanki."

"Kai ne dattijo."

"Ba na iyawa. Kwana ashirin ban yi ba. Ni na kashe miki iri, kin sani, kowa ya sani. Bakin da ya yi wannan ba shi zai sa wa irin nan albarka ba."

Ta ce, "Ɗana, da can ma ba iyawa ka yi ba, ƙara ce gare ka. Yi, danshi na tahiya."

Na cire hula. Ban durƙusa ba, ƙasa jiƙe take. Na tsaya har na ji kunyar tsayuwar, sannan na ce, "Ubangiji, ga iri. Ba namu ba ne, roƙo ne. Ni na sa maka magana a baki wadda ba ka faɗa ba. Har yanzu ina jin haushinka, ba zan ɓoye ba. Amma kada ka kama tsohuwar nan da laifina." Na nemi abin ƙarawa ban samu ba. Na ce cikin sunan Yesu.

Ta ce amin. Ta buɗe ido guda.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"To, sara. Kada ka yi mini nisa da ramuka, ƙafata ba ta kaiwa."

Na rage taku. Tana bayana tana jefa iri tana rufewa da diddige, tana haki. Sai da rana ta yi tsaka muka kai rabin gonar.