Neman Ɗan Sarauniya Daga Tsaskiya Zuwa Batsari

Tsaskiya

Ƙarfe shida saura, bayan sallar asuba, na hau bayan babur ɗin maƙwabcina Malam Idi muka bar gari. Ba fatauci ya fitar da ni ba, fim ne. Mahaifiyata Inna idonta ya yi yana, ba ta gani, amma ta saurari kashi na ɗaya a wayata, fassarar Hausa, har sau uku. A ƙarshensa aljanun ruwa suka sace ɗan wata sarauniya. Tun ranar ta hana ni sakat da tambayar ko yaron ya koma wurin uwarsa. Duk mun san abin da ke cin ta: yayana Sani ya tafi cirani kudu shekara shida ke nan, ko saƙo babu. Da na ji kashi na biyu ya fito, na yi mata alkawarin kawo amsa.

Safana

Muka iso bakwai ta ɗan gota, ƙuguna kamar an daka. Mai shagon tura finafinai ya ce bai zo masa ba tukuna, sai Batsari. Na sha koko da ƙosai a tsaye, na shiga ƙaramar bas, mu biyar a kujerar mutum uku. A shingen bincike na biyu jami'i ya tambayi abin da zai kai ni. Da na faɗa masa gaskiya, ya kalle ni sama da ƙasa, ya ce in na dawo in tura masa.

Batsari

Sha ɗaya daidai aka tura min a waya. Na zauna a bencin ƙofar shagon na kalle shi tas, awa uku cur.

Kyau kam ba a magana. Dawakai masu fukafukai, birni a rataye a sararin sama, takubba na aman wuta, kogi ya miƙe tsaye yana faɗa. To amma labarin fa? Wanda muka binne a kashi na ɗaya ya tashi, ashe ɗan tagwaye ne. Mugun kuma wai kakan jarumin ne, can gaba ya koma jikansa. Mai fassarar da kansa ya gaji, ya ce 'yan kallo su yi haƙuri, shi ma bai gane ba. Haba jama'a, me makauniya za ta yi da doki mai fiffike? Yaron da na sha wannan wahala dominsa sau ɗaya aka nuna shi, yana tafe shi kaɗai a bakin ruwa, sai rubutun ƙarshen fim ya hau.

Mai shago ya ce ai sai a kashi na uku. Na yi masa tatas, ko da yake ba shi ya kashe zomon ba, rataya aka ba shi. Raina ya ɓaci ƙwarai, ko tuwon da ya saya min ban iya ci ba.

Gida

Ana kiran magariba na shigo. Inna na zaune a tabarma, ta gane takuna. Na miƙa mata wayar, ta ture hannuna.

"Kai dai faɗa min, ya dawo?"

Duk hanya na zo ina shirya ƙarya, sai bakina ya ƙi. Na ce, "Yana hanya, Inna. Da ransa, na gan shi yana tafe."

Ta share ido da bakin mayafi. "Da ransa," in ji ta. "To Alhamdu lillahi. Kada ku sa sakata da wuri."

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Malam Idi. Masu fim kuwa, ni da su sai a gaban Allah.