Farin Zoben Idon Inna Hajo

Ban taɓa mantawa da ranar da na shigar da Inna Hajo wurin Sista ba tare da kati ba. Ku da kuka fara aiki bana, ku saurara.

Lokacin shekarata ɗaya a ƙaramin asibitinmu na kusa da Illo. Aikina shara, kiran masu kati, da yin tafinta in mai jin yaren Dendi kaɗai ya zo. Sistar ido daga Bagudo take zuwa, sau ɗaya a wata, kuma wanda bai karɓi kati da safe ba sai wani watan. Ni aji huɗu na tsaya, ga goyo, kullum gabana na faɗuwa kada in yi kuskure a sallame ni.

Inna Hajo maƙwabciyarmu ce, ita ke riƙe mini ɗana Aliyu in na fito aiki. Da na kai mata shi da safen nan, ranar zuwan Sista, na tarar da ɗanta Garba yana zuba wa babur mai. Ya ce gobe zai ƙetara da ita Benin, wurin wani mai soke ido da tsinke ya ture yanar ido.

"Ba ki ga fari ya kewaye mata baƙin ido ba? Gara a yi kafin ya rufe."

Na duba. Zoben na nan kuwa. Amma tana zaune da faifai tana tsintar tsakuwa cikin shinkafa, ko ɗaya ba ta wuce ta. Masu yanar da nake kira wa Sista lalube suke yi, kuma farinsu a tsakiya yake, ba a gefe ba.

Na tafi aiki, tsintsiya a hannu, hankali a gida. Wa ya aike ni? Wajen azahar dai na kasa daurewa, na koma na jawo ta.

Sista ta ɗago kai. "Rabi, ina katinta?"

"Babu, Sista. Gobe za a soke idon."

Ta ajiye biro. Ta haska tocila, ta nuna mata alamomin allon bango, Inna ta faɗe su har ƙanana.

"Inna, wannan ba yana ba ce. Maiƙon cikin jini ne, yakan kwanta a gefen baƙin ido in shekaru sun ja. Ba ya tare gani. Tsinken ne zai kashe idon."

Inna ta riƙe haɓa. "Yo man shanun da nake ci ya rasa wurin zama sai idona? Ga ƙugu nan duk ƙashi!"

Sista ta yi dariya, ta ce a rage shi duk da haka, ta rubuta mata takardar awon jini a Bagudo.

Garba ya iso yana huci. "Yanzu mai shara ta zama likita?"

Inna ta ce, "Mai shara ke ganin abin da kowa ya taka ya wuce. Man da ka zuba, Bagudo za shi kai mu."

Da aka tashi, Sista ta kira ni. Na ce a raina shi ke nan, an sallame ni. Sai ta ce, "Nan gaba, in kin ga irin haka, tun da safe ki faɗa mini."

A aikin nan, ko tsintsiya ce a hannunki, ki duba da kyau, ki faɗa wa wanda ya sani. Jiya ma Inna Hajo ce ta zura mini zare a allura.