Isufu Mai Bugun Rufin Mota

Da hantsi Isufu yake buɗe rumfarsa a bakin tashar Magarya, ya shimfiɗa buhu, ya jera waya da dalma, ya zauna. Bai yarda da kowa ba. Ka kawo masa amfili a kwali, ka rantse sabo ne daga Kano, sai ya kwance bayansa ya sansana. Aikinsa shi ne ƙara wa rediyon mota ƙarfi: ya ɗaura amfili, ya sa babbar lasifika cikin akwatin katako bayan kujera, irin wadda ake jin gangarta a ƙirji.

Direbobi ma ba su yarda da shi ba. In ya gama aiki, sai ya sa direba ya ta da mota ya ƙure murya, shi kuwa ya hau baya inda fasinja suke zama, ya bugi rufi da tafin hannu. Haka mutanenmu suke tsai da a-kori-kura. In direba bai ji ba, Isufu ya sauko ya rage ƙarfin amfilin daga ciki, ya liƙe da dalma.

Mainassara, direba mai jigila zuwa garin Dogo-Dogo, shi ya fara tsare shi gaban jama'a.

"Malam Isufu, ina sauran ƙarar? Ta motar Barau tun daga Waca ake jin ta. Tawa sai ka ce sauro."

"Tana inda na ajiye ta."

"Ko dai ta ƙetare iyaka?"

"Ku kuka san hanyar iyaka, ba ni ba."

Aka yi dariya, amma magana ta zauna. Aka ce yana zare kayan kirki daga ciki yana sayarwa. Rumfa ta yi sanyi, sunansa ya koma ɓarawon ƙara. Bai bi kowa da bayani ba. Da ɗan girman kai a ciki, wannan gaskiya ne.

Ran kasuwar Mallawa, motar Mainassara cike, kaset na tashi, sakatar ƙyauren baya ta zame. Tsoho Ɗan Azumi, mai sayar da igiya, ya sulale, ya kama sarƙa, ƙafafunsa na jan rairayi. Hasiya da ke kusa ta ajiye ƙwarya ta bugi rufi. Mainassara ya ji, ya taka birki. Ɗan Azumi yana nan da ransa, da tabo a gwiwa. Mai shakka ya je ya gani.

Mainassara bai ba da haƙuri ba. Motar ƙanensa ya kawo wa Isufu, ya ce, "Hau ka buga."

Bana Isufu ya rufe rumfa. Ba wanda ya kore shi. Zama ya yi a gaban mota, ya sa aka bugi rufi, bai ji ba. Aka sake, bai ji ba, kunnensa ya yi nauyi. Ya sauko ya naɗe buhunsa.

Isufu, kai ne wanda aka kira ɓarawo ka ƙi ƙara murya. Kai ne kunnen na baya. Mun gode. Allah ya ba ka lafiya.

Ku kuma sababbin masu ɗaura amfili, ana kallonku. Kafin ku miƙa wa direba makulli, ku hau baya ku buga.