Kunyar Ɗan Fari

A ƙauyenmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ko kuka yake sai ta kau da kai. Ni kuwa na iya kunyar nan har ana yabona, kuma yabon yana yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba.

Ɗana yana wata tara, damina ta yi tsakiya, gudawa ta kama shi. Uwar mijina, da muke kira Inna, ta ce fitar haƙori ce, kowane yaro sai ya yi. Maza duk suna gona. Na kasa zama. Na share tsakar gidan da na riga na share, na leƙa ɗaki, na fito, na sake komawa wai ina neman allura.

Kafin nan wata malamar asibiti mai bi gida-gida ta koya mana cewa a ɗan mintsini fatar cikin yaro, in ba ta koma da wuri ba ruwan jikinsa ya ƙare, a ba shi ruwan gishiri da sukari a garzaya asibiti. Da Inna ta zaga banɗaki na gwada. Fatar ta tsaya kamar ta tsohuwa.

Duk da haka na jira, kuma har gobe ina jin haushin kaina. Tun hantsi har azahar ina jiran Inna ta ce a tafi, don kada a ce ba ni da ta-ido.

Da ya daina ko kukan, na suri zani na goya shi.

Inna ta ce, "Ke, ina za ki? Ba kya jin kunya?"

Na ce, "Inna, kunya ba za ta haifar mini wani ba."

Na ratsa gonakin gero da gudu har bakin titi, na tare motar Ɗanbatta, Inna ta biyo ni tana haki. Aka yi masa ƙarin ruwa. Wajen la'asar ya buɗe ido, malamar da ke kula da shi ta ce ya tsallake, amma da ƙyar.

A gaban Inna, a gaban kowa, na sunkuya na kira sunansa, karo na farko tun da aka raɗa masa shi. Ya ji sarai. Sai ya juya yana neman Inna, don a bakinta kaɗai ya san sunan.