Salula ba ta faɗa mini goggona ta makance ba

Jiya a tashar Gaya na ci karo da Baba Hamidu direba. Shekara da shekaru shi ke kai wa goggona kuɗina a Bengu, amma tun da na koyi turawa ta salula ban ƙara nemansa ba.

Cikin raha na ce, "Baba, salula ta hutar da kai."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ɗana, salular ta faɗa maka goggonka ta daina gani? Maƙwabta ke karɓo mata kuɗin."

Wata bakwai ina turawa, ina zaton lafiya lau take.

Gobe motarsa zan bi. Ku fa, yaushe rabonku da ganin waɗanda kuke tura wa?